Ɗan shekara 14 ya yi min kisa tara a jere: Me yaranmu ke nema a gem ɗin faɗa?

Ana saura kwana biyu a ba da hutun makaranta, yayata da ke aure a Gwaram ta kira ni, muryarta a sama. Ta ce ta ƙwace wayar ɗanta na biyu ta kulle a akwati, kuma za ta turo min shi Birnin Kudu ya yi hutu a wurina.

"Tunda kai ɗan jarida ne ka san yadda za ka yi masa magana. Yaron nan ba shi da aiki sai faɗan 'yan katun. Ko abinci yake ci yatsunsa motsi suke yi."

Na ce ta turo shi, har da wayar.

Ina da wata dabara a raina. Ni ma ba baƙo ba ne a harkar, domin lokacin da muke sakandare kuɗin tara da yawa sun salwanta a gidan gem, a kan Mortal Kombat da Tekken. Na ƙudurta zan fara lallasa shi a wasan nasa, idan jikinsa ya yi sanyi sai nasihar ta fi shiga.

Cikin minti biyar ya tura min wasan, ya haɗa wayoyinmu biyu ba tare da an taɓa data ba. Sunan wasan Dragon Ball Z: Shin Budokai. Na zaɓi Broly, wani ƙato mai damatsa kamar turmi. Shi kuwa ya ɗauki Krillin, ɗan guntu mai ƙwaryar molo, wanda ko a cikin labarin ma shi aka fi jibga. Na ɗauka ladabi ne.

Sau tara muka kara a gindin darbejiyar ƙofar gida. Sau tara ya kwantar da ni.

Da ya ga na fara goge zufa sai ya ce, "Kawu, kada ka ji haushi. Duk lokacin da ka faɗi, kana tashi sai ka kai duka. Kuma da ƙarfinka ya cika ba ka iya haƙuri, sai ka sake shi. Ni jira kawai nake yi."

Nasihar da na shirya ta tsaya min a maƙogwaro. Yaron da aka ce ba ya mayar da hankali a kan komai, ya lura da halina cikin minti goma, ya gane inda nake gaggawa, ya ɗana min tarko a wurin. Matata ta shekara shida tana gaya min ba ni da haƙuri, ban yarda ba sai ranar.

Tun daga lokacin nake bibiyar wannan harka a shagunan cajin waya da gidajen gem na Birnin Kudu da Gwaram. Abin da na fahimta shi ne mun yi wa abin gurguwar fahimta. Muna ganin wuta da ihu da launuka a fuskar waya, sai mu ce shirme ne. Amma abin da ke riƙe yaran nan a wurin wani abu ne da ba su cika samu a wani waje ba: fili inda mutum zai sha kaye shi kaɗai, ba wanda zai ɗora wa laifi, ya koma ya gyara, gobe ya ga sakamakon gyaran da idonsa. Ra'ayina shi ne abu irin wannan iyaka ake yi masa, ba a kulle shi a akwati.

Yadda Goku ya iso Gwaram

Ga iyayen da ba su san kan zancen ba, anime shi ne sunan finafinan zane na ƙasar Japan. Biyu ne suka fi shiga ran yaranmu. Akwai Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara zanawa a 1984, mutumin da ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024 yana da shekara 68. Sai Naruto na Masashi Kishimoto, wanda ya gudana daga 1999 zuwa 2014. Daga waɗannan labarai ne kamfanoni suka ƙera wasannin da mutum zai ɗauki jarumi ɗaya, abokinsa ya ɗauki wani, su gwabza har jinin ɗaya ya ƙare.

Hanyar da suka bi suka zo mana ita ce abin mamaki. Yawancin abin da ake bugawa a wayoyin nan an yi shi ne don wata 'yar na'urar hannu ta kamfanin Sony mai suna PSP, wadda ta fito a 2004. A 2012 wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar da manhajar PPSSPP kyauta, wadda ke sa wayar Android ta ɗauki wasannin wannan na'ura. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Ɗan Tecno ko Itel mai matsakaicin ƙarfi ya isa. Mutum ɗaya ya samo, sauran su karɓa ta Xender a shagon caji, ko mai tura finafinai ya haɗa maka da fassarar Algaita a memori ɗaya. Kada mu yaudari kanmu, ba sayen wasannin ake yi ba, kwafi ne ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Shin Budokai da aka lallasa ni a kai ya fito ne a 2006. Wato wasan ya girmi yaron da ya doke ni.

Labaran da kansu ba su yi nisa da mu ba. Naruto maraya ne da mutanen garinsu ke gudu, ya sa wa ransa sai ya zama shugaban garin. Goku da Krillin kuwa, da suka je koyon faɗa wurin tsohon malaminsu, bai fara nuna musu naushi ba. Rabon madara ya sa su da asuba a ƙafa, da huɗar gona da hannu, ga nauyi ɗaure a baya. Duk yaron da ya taɓa zama a gaban mai gyaran babur wata shida yana miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa inji, ya san wannan labari. Mu ma abin da ya sa muka so finafinan Jackie Chan da Jet Li ke nan: a ci zalin yaro, ya tafi wurin malam, ya sha wuya, ya dawo.

Amma labari da launi suna jawo mutum ne kawai. Ba su ne ke sa ya yi shekara biyu a kan wasa ɗaya ba.

Ba saurin hannu ba ne

Ku shiga kowane gidan gem ku saurari masu buga ƙwallo. Wanda aka ci yana da hujja goma. Kai ka ɗauki Real Madrid. Alƙalin wasa ya cuce ni. Gola ne ya yi barci. A gem ɗin faɗa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ku biyu ne, jini iri ɗaya, lokaci iri ɗaya, turmi ɗaya ba ya cika wuce minti ɗaya da rabi. Idan an kwantar da kai, kai aka kwantar.

Na daɗe ina zaton sirrin yana cikin saurin yatsa. Ashe lissafi ma bai yarda da hakan ba.

Manyan wasannin faɗa da ake gasa a kansu suna nuna hoto 60 a cikin kowace daƙiƙa, kuma da waɗannan hotuna ake auna kowane motsi. Kowane duka yana da zango uku: lokacin ɗaga hannu, lokacin da dukan ke sauka, da lokacin da hannu ke komawa. A Tekken, alal misali, naushi mafi sauri na yau da kullum yana sauka ne a hoto na 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Shi kuwa ɗan Adam, daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa, yakan ci kusan rubu'in daƙiƙa. Ma'ana kafin ka ga naushin ka ce za ka tare, ya riga ya same ka.

To yaya gwanaye ke tarewa? Ba gani suke yi ba, hasashe suke yi. Sun riga sun karanci abin da za ka yi.

Ginshiƙin wasan abu uku ne da kowanne ke maganin wani. Mai tarewa ya fi ƙarfin mai duka, domin idan dukan ya tafi a banza, lokacin komawar hannu ƙofa ce a buɗe. Mai kamu, wato wanda zai cafke ka ya yi jifa da kai, ya fi ƙarfin mai tarewa. Mai duka kuma ya fi ƙarfin mai kamu. Babu wanda ke ci kullum. Don haka a kowace daƙiƙa tambayar ɗaya ce: me wannan mutumin yake zaton zan yi?

Su na zanen Japan sun ƙara wa abin gishiri. Jarumi yana iya tashi sama ya ruga a iska, yana iya ɓacewa ya ɓullo ta bayanka, yana iya jero duka ashirin ba tare da ka taɓa ƙasa ba. Sannan akwai ma'aunin ƙarfi da ake tarawa, wanda Dragon Ball ke kira ki, Naruto ke kira chakra. A wasannin Naruto na baya-bayan nan da ake bugawa a PlayStation 4, damar ɓacewa a bar maka guntun icce guda huɗu ce kacal kafin ta sake taruwa. Yaro mai wayo ba ya kallon jininka, ƙirga maka yake yi. Da ka ƙarar da huɗun sai ya sauke maka abin da ya ɓoye.

Duk wanda ya taɓa zama a filin dambe da kaka ya san wannan. Hannu ɗaya a ɗaure da zare, ɗaya a miƙe ana auna tazara, 'yan wasa biyu suna zagaye juna, 'yan kallo na ihu a shiga. Baƙo zai ce tsoro ne. Wanda ya sani ya san a wannan kallon-kallon ake yin damben, dukan da zai yi kisa ƙarshen magana ne kawai. Shi ya sa ake iya yin turmi uku babu kisa, masana su tashi suna cewa sun ga wasa. Ba don ƙarfi kaɗai ake tuna su Shago da Ɗandunawa ba.

Ba na cewa danna waya daidai yake da tsayawa gaban ɗan dambe. Wancan yana iya barin haƙori a fili. Amma aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a wuraren biyu ɗan uwan juna ne.

Abin da na koya a hannun yara

Hutun nan gaba ɗaya na zama ɗalibi, kuma na ga bambancin yaran da ke ci gaba da waɗanda suka shekara uku a wuri ɗaya.

Na farko da ɗan yayata ya hana ni shi ne canje-canjen jarumi. Duk sanda aka doke ni sai in ce wannan ba shi da ƙarfi, in koma wani. Ya ce in riƙe ɗaya wata guda. Dalilinsa mai sauƙi ne: idan kana tunanin wane madanni za ka taɓa, ba ka da sauran hankalin da za ka kalli abokin karawarka. Sai hannunka ya haddace naka kafin idonka ya sami sukunin karanta na wani.

Daga nan ya sa ni abin da ya fi ci min rai. Turmi biyar a jere, ba a yarda in kai duka ko ɗaya ba, tarewa kawai. An doke ni duka biyar ɗin mana. Amma a na huɗu na fara ganin abin da ban taɓa gani ba: akwai wani bugu da yake yi wanda idan na tare, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya dawo daidai. Nan ne ƙofata. Shekara nawa ina buga irin waɗannan wasanni ban taɓa ganin ƙofa ba, saboda kullum ina cikin kai nawa dukan.

Yawancin yaran da suka tsaya cik matsalarsu ke nan. Sun haddace dogon jerin duka mai ban sha'awa, irin wanda ake kira kombo, suna nuna wa abokai. Sai dai ba su san yadda za su sa dukan farko ya shiga ba. Kamar mai haddar huɗuba ne da ba a taɓa ba shi mumbari ba. Jeri gajere na duka uku da ba ya kuɓuce maka ko hannunka na rawa, ya fi na ashirin da ke watsewa a tsakiya.

Wani abu kuma shi ne daina yaudarar kai da kwamfuta. Na ga yaro a wani shagon caji a kan hanyar kasuwar Sara yana alfahari ya gama wasan a mataki mafi wuya. Aka haɗa shi da wani ɗan ƙaramin yaro, ko turmi ɗaya bai ɗauka ba. Kwamfuta ba ta jin tsoro, ba ta fushi, ba ta yaudara, kuma idan ka gano lagonta sau ɗaya ka gano har abada. Mutum kuwa yana gane ka gane shi, sai ya canja. Wurin atisaye da ke cikin wasan yana da amfani don hannu ya saba, minti goma zuwa sha biyar sun isa. Sauran sai da mutum.

Kuma ba kowane mutum ba. A nan ne na ga halin da ke raba yaran gida biyu. Akwai mai neman wanda ya fi shi rauni don ya yi ta cinyewa ana tafa masa. Akwai mai bin wanda ya fi shi, a doke shi sau ashirin, ya tashi ya ce, "Don Allah ta ina kake shigo min?" Na biyun ne ke zama gwani. Ɗan yayata ya gaya min akwai wani mai gyaran waya a Gwaram da ya yi wata uku yana dukansa kullum kafin ya ɗauki turmi ɗaya a hannunsa. Ranar da ya ɗauka, a cewarsa, bai iya cin tuwon dare ba don murna.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo: kusan kowace waya yanzu tana iya naɗar abin da ke faruwa a fuskarta. Ka naɗi wasan da aka doke ka, ka kalla bayan zuciya ta huce. Da na kalli nawa kunya ta kama ni. Abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, sau bakwai na faɗi, sau bakwai na tashi da duka. A raina kuwa ina ganin dabaru kala-kala nake yi.

Maganar kayan aiki gajeriya ce. Danna gilashin waya ba ya kai madannin hannu daidaito, musamman idan yatsa ya yi gumi a zafin Afrilu, kuma ƙaramar waya takan yi nauyi idan ta ɗau zafi. Gaskiya ne. Amma na ga mai fasasshen gilashi yana koya wa mai sabon madanni hankali.

Darasi daga Lahore da Senegal

Akwai wani labari da ya kamata masu gidajen gem na yankinmu su sani. Kafin 2019 duniyar Tekken ta 'yan Koriya ta Kudu da Japan ce, ba wanda ke lissafi da Pakistan. Sai ga wani matashi daga Lahore, Arslan Siddique, wanda aka fi sani da Arslan Ash. Ya sha wahalar biza da canjin jirage har ya isa Japan dab da fara gasar EVO Japan a watan Fabrairun 2019, ya kuma lashe ta. A watan Agustan shekarar ya je Las Vegas a Amurka ya lashe babbar gasar EVO, inda ya doke Knee, gwarzon Koriya, a wasan ƙarshe, ya faɗi ya yi sujada a kan dandamali.

Ba a intanet ya koya ba. A ƙananan gidajen gem na Lahore ya taso, inda matasa ke zama kafaɗa da kafaɗa suna dukan juna shekara da shekaru, duniya ba ta san da su ba. Daga baya Knee da kansa ya tafi Pakistan don ya yi atisaye da su. A 2023 kuma tawagar Pakistan ta doke ta Koriya ta Kudu a gasar ƙasashe ta Tekken da aka yi a Riyadh.

Kusa da mu ma akwai. A watan Maris na 2024 wani ɗan Senegal da ake kira Verix ya lashe gasar duniya ta Guilty Gear Strive a Amurka, wasan da ke sahun gaba a cikin masu zanen anime. Jarumin da ya yi suna da shi, Nagoriyuki, baƙar fata ne, kuma masu wasan sun rubuta cewa Najeriya ce mahaifarsa.

Sai dai ba zan kawo wa iyaye waɗannan sunaye a matsayin hujjar cewa akwai kuɗi a harkar ba. Masu cin abinci da ita a duniya 'yan ƙalilan ne. Wasannin da yaranmu ke bugawa a waya tsofaffi ne, ba su ake gasa a kai ba yanzu. Sababbin suna buƙatar na'ura mai tsada da wuta tsayayya. Duk yaron da ya ce wa mahaifinsa zai bar karatu don ya zama Arslan, a ja masa kunne, ni ma zan taya. Abin ɗauka a labarin Lahore shi ne ƙwarewa ba ta jira netwok mai ƙarfi ba. Mutane ta buƙata, masu haɗuwa a wuri ɗaya, manya na koya wa ƙanana.

Inda iyaye ke da gaskiya

Yayata ba ta ƙwace wayar nan a banza ba. Yaron ya fara kai wa ƙarfe ɗaya na dare a ƙarƙashin bargo. An kira sallar Magariba yana cewa bari ya ƙarasa turmi. Sakamakon lissafinsa ya sauka. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma iya karanta abokin karawa ba ya goge ko ɗaya daga cikinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019, jerin da ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ku duba ma'aunin da ta kafa: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci a ɗauki wata 12 ana haka. Ta kuma ce kaso kaɗan ne na masu wasa ke kai wa nan. Wato ba riƙe waya ne ciwon ba, rasa linzami ne.

Akwai kuma abin da ke cikin wasu wasannin. Shigar da ake yi wa wasu jarumai mata ba ta dace da tarbiyyarmu ba, kuma uba yana da haƙƙin ya duba ya ce wannan ban yarda ba. Amma sai ya zauna ya kalla kafin ya iya bambancewa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kuɗi. Tsohuwar al'adar gidan gem ta wanda aka ci shi zai biya tana da saurin rikiɗewa. Yau kuɗin wasa ne, gobe a ajiye ɗari biyu-biyu, jibi 'yan kallo su fara zubawa a gefe. Da an kai nan an bar wasa an shiga caca, kuma yaron da ya saba da ita a nan ba zai ji nauyin shiga shagon cacar ƙwallo ba. Ta fuskar ƙwarewa ma asara ce, domin wanda kuɗinsa ke ƙasa ba zai taɓa neman wanda ya fi shi ba.

To amma ƙwace waya me yake gyarawa? A kwana goman da wayar ta yi a akwati, yaron bai daina bugawa ba. A wayar abokai yake yi, a bayan wani kango, inda babu babba ko ɗaya. Wannan shi ne abin da hani tsagwaro ke haifarwa a garuruwanmu: abin ba ya mutuwa, ɓuya yake yi, ya koma inda sigari da caca suke.

Dambe ya daɗe da gano maganin wannan. Ku saurari sunayen 'yan wasa: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Kowane yaro yana ƙarƙashin wani babba da ke koya masa, yake kuma tsawata masa. Akwai fili sananne, akwai lokaci, akwai mai raba faɗa. Abin da gem ya rasa a wurinmu ke nan, manya sun juya masa baya sun bar yara su kaɗai.

Masu gidajen gem za su iya farawa ba tare da jiran kowa ba. A kashe na'ura idan an kira salla. Kada a karɓi yaro da kayan makaranta a lokacin aji. A hana ajiye kuɗi a kan wasa, wanda ya ƙi a sallame shi. Ƙungiyoyin matasa da ke shirya gasar ƙwallon unguwanni kuwa, me zai hana su ware yini ɗaya a hutun Sallah, a fili a bainar jama'a, 'yan Birnin Kudu su kara da 'yan Gwaram? Kyautar ba sai ta zama kuɗi ba, kuma a sa sharaɗi cewa sai mai zuwa makaranta ko mai sana'a zai shiga. Talabijin ɗaya da janareta da benci shida sun isa. A bar 'yan mata ma su yi nasu. Ƙanwar yaron nan 'yar shekara 11 ta fi ni iya tarewa nesa ba kusa ba.

Da hutu ya ƙare na mayar da shi Gwaram da kaina. Muka zauna da yayata da mijinta aka yi yarjejeniya. Wayar tana kwana a ɗakin uwarsa. Gem sai Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, bayan La'asar zuwa kiran Magariba, sai kuma awa ɗaya ranar Lahadi. Idan lissafi ya sake sauka, wata guda babu. Mahaifinsa ya ƙara da cewa a tsakar gida za a riƙa yi, abokai su zo nan.

Kafin in kama hanya muka yi na bankwana. Na faɗi, na tashi, ban kai duka ba. Ya kawo nasa, na tare, na shiga ta ƙofar nan da na gano, na ɗauki turmin. Na yi ihun da ya sa yayata ta leƙo daga kicin.

A turmi na biyu na sake tashi na tare. Sai kawai ya tako ya cafke ni ya yi jifa da ni. Haka ya yi sau uku.

"Kawu, yanzu kuma tarewar ta yi yawa," in ji shi.